Kafin Ka Sa Hannu a Fom ɗin Yaro: Yadda Shugaban Makaranta Zai Ɗora Ɗalibansa a Hanyar Sana'a

Wata ranar Laraba ana dab da tashi, masinja ya leƙo ofishina ya ce wani dattijo na sallama. Suka shigo shi da ɗansa, yaron da ya gama makarantarmu a shekarar da ta gabata. Na san shi sarai, domin shi ne bakinmu a gasar muhawara. Na nuna wa dattijon kujera, ya ƙi, ya tsuguna a gefen tebur. Ya zaro wata baƙar leda daga aljihun gaba, ya warware ta a hankali, ya miƙo mini takardu da hannu bibbiyu. Ɗaya sakamakon WAEC, kiredit 8. Ɗaya na JAMB, maki 261.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba. An ce mini yaron nan ya ci, an kuma ce ba za a ɗauke shi ba. Wanne ne gaskiya?"

Duka biyun gaskiya ne. Yaron aikin lauya yake so tun yana aji ɗaya, har "Barista" abokansa ke ce masa. Amma a cikin kiredit ɗinsa babu Adabin Turanci, haka ma a darussan da ya zana a JAMB, kuma jami'ar da ya nema, kamar mafi yawansu, ba ta ɗaukar ɗalibi karatun lauya sai da shi. Dalilin rashinsa kuwa ni na fi kowa sani. Shekara 3 kafin wannan rana aka yi wa malaminmu na Adabi canjin wurin aiki, ba a turo madadinsa ba, muka zare darasin daga jadawali muka cusa wani a gurbinsa. Da lokacin rajistar jarrabawa ya zo aka kawo mini jerin sunaye da darussa, na bi shafi-shafi ina sa hannu ina kurɓar shayi. Sai da yaron nan ya zauna shekara guda cur a gida, ya nemi mai koya masa Adabin, ya sake zana jarrabawa a matsayin ɗan waje.

Shekara 33 na yi ina aikin koyarwa a Jihar Kano, 11 daga ciki a kujerar shugaban makaranta. Tun daga waccan Laraba na daina ɗora wa malamin ba da shawara shi kaɗai nauyin zaɓen sana'ar yara. Shi baki kawai gare shi. Kai kuwa shugaban makaranta, jadawali a hannunka yake, makullin ɗaki a hannunka, ɗan kuɗin da ke shigowa a hannunka, sa hannun ƙarshe ma naka ne. Ga yadda na riƙa tafiyar da abin daga baya, ko wanda aka miƙa wa kujerar yanzu, malam ko malama, zai tsinci abin ɗauka.

Wanda za ka danƙa wa aikin

Tsarin ilimi na ƙasa, tun fitowarsa ta farko a 1977, ya tanadi a samu malamin ba da shawara a makarantun gaba da firamare. A takarda ke nan. A zahiri mun san yadda ake yi: a duba malamin da ya kusa ritaya, ko wanda aka rasa inda za a kai shi, a liƙa masa sunan, a ci gaba da jibga masa darasi kamar kowa. Wani wurin ma malamin horo ake haɗa wa, mai dorina a hammata. To yaron da ka zane da safe saboda makara, shi ne zai dawo da azahar ya gaya maka babansa na so ya bar karatu ya koma shago?

Ka fara da fayil ɗin malamanka. Sau da yawa akwai wanda ya karanci fannin a jami'a ko kwalejin ilimi, yana can yana koyar da wani darasi daban, ba wanda ya taɓa tambayarsa. In babu, ka sa ido ka ga wane malami ne yara ke bi har bakin babur ɗinsa bayan an tashi. Shi za ka ɗauka. Ka rage masa darussa, kuma ka faɗi hakan da bakinka a taron malamai, don kada a fara tsegumin an ba wane zaman banza. In makarantar 'yan mata ce ko ta haɗaka, lallai a samu malama a aikin.

Ka ba shi ɗaki. Namu tsohon sito ne, muka kwashe karyayyun bencina, muka sa tebur ɗaya da kujera biyu da kabad mai kwaɗo. Tagar a buɗe take kullum, ana hango na ciki amma ba a jin maganarsu. Sannan ka ware masa minti 40 a mako a jadawali, aƙalla ga JSS3 da SS2 da SS3. Kada ka kai shi ƙarshen ranar Juma'a, lokacin da rabin aji ya tsallake katanga. Ni Talata bayan an dawo daga tara nake sawa.

Mararrabar tana JSS3

Mu malamai a SS3 muke tayar da hankali, alhali a lokacin aikin gama ya gama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka raba yara zuwa ajin kimiyya da na At da na kasuwanci, ranar aka buɗe wa kowannensu wasu ƙofofi aka datse wasu. Kuma dubi yadda muke rabon: a ɗauko sakamakon BECE, wato jarrabawar kammala JSS3, a ja layi da jan biro, na sama su tafi kimiyya, na ƙasa a tura su At. Cikin rabin awa an gama da yara 200.

Ɓarnar ta kan faɗa wa kowane ɓangare. Ajin At ya zama juji, yaran cikinsa su ɗauka su ne dolaye, malamai ma su riƙa shiga da sanyin jiki. Can kuma a ajin kimiyya ga yaro mai kaifin harshe da alƙalami, wanda da an bar shi da sai ya zama alƙali ko ɗan jarida, ana jansa a ƙasa da Fiziks har ya fito da D7 da E8, makin da bai kai kiredit ba, ba tsuntsu ba tarko.

Abin da muka koma yi shi ne fara aikin tun zango na biyu na JSS3. Kowane fom masta ya cike takarda ɗaya ga kowane yaro: makinsa na Lissafi da Turanci da Kimiyya na shekara 3 a jere, domin jarrabawa ɗaya tana iya yin ƙarya, musamman inda aka yi satar amsa. Daga nan malamin ba da shawara ya zauna da kowane yaro minti 10. Yana ɗaukar makonni, amma yana yiwuwa.

A zaman nan kada a tambayi yaro me yake so ya zama. Amsar uku ce: likita, soja, matuƙin jirgin sama. A tambaye shi me yake yi bayan an tashi daga makaranta, wa ya sani da ke irin aikin da yake sha'awa, wane darasi ne in an shigo ba ya kallon taga. Na taɓa zama a gefe ana hira da wani ɗan siririn yaro da ya dage shi likita. Malamin ya lura da tabon ƙuna a yatsunsa, ya tambaye shi. Ashe dalma ce. Duk tocila da rediyo da fanka mai caji ta unguwarsu shi ake kawo wa, da ƙusa yake narka dalmar a kan garwashi. Aka ce masa ranar layya yana tsayawa wajen yanka? Ya sunkuyar da kai ya ce shi in ya ga jini jiri yake ji. Muka kira mahaifinsa, muka nema masa fom ɗin kwalejin fasaha, inda ake zana NABTEB, jarrabawar kammala makarantun fasaha. Ya tafi da murnarsa.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba mu cika son faɗa ba. A Kano akwai makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu tun 1977, da na 'yan mata, da kwalejojin fasaha, kuma daga JSS3 suke ɗauka ta hanyar jarrabawa. Wasu shugabanni in labarin fom ya zo sai su yi gum, don kada a kwashe musu yara masu ƙoƙari sakamakon makarantarsu ya faɗi. Ni ma shaiɗan ya taɓa raya mini haka. Cin amana ne. Ka sa a bibiyi lokacin fitowar fom ɗin, ka sanar a asambuli, ka shirya wa masu nema darasin yamma.

Ka kuma faɗa wa iyaye gaskiyar abin da makarantarka ba ta da shi. In ba ka da malamin Fiziks, kada ka buɗe ajin kimiyya na suna kawai. Ka nemi ɗan bautar ƙasa, ko ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki na wucin gadi, ko ka roƙi shugaban makarantar da ke kusa ya ara maka nasa yamma biyu a mako. Kafin ka cire kowane darasi daga jadawali, ka buɗe littafin kwasa-kwasai na JAMB ka ƙirga kwas nawa ne ke neman darasin. Da na yi haka da Adabi, da dattijon nan bai tsuguna a ofishina ba.

Bayan an shiga SS1 ka bar ƙofar canjin aji a buɗe na mako 6. Wanda ya ga ba zai iya ba ya koma ba tare da an yi masa dariya ba. In zangon farko ya wuce a rufe, domin daga nan makin gwajin aji ya fara taruwa.

Allon bango da ranar rajista

A jikin bangon da ke fuskantar filin asambuli muka sa mai fenti ya zana babban jadawali: sunan kwas, darussan da ake so a WAEC ko NECO, da darussa huɗu na JAMB. Likitanci: Turanci, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Injiniya: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri. Lauya: Turanci, Adabin Turanci, da biyu daga irin su Gwamnati da Addini. A ƙasa da manyan baƙaƙe: kiredit daga A1 ne zuwa C6, D7 ba kiredit ba ne. Za ka yi mamakin yawan yaran SS3 da ba su san wannan ba. Yawancin kwasa-kwasai kiredit 5 suke nema a zama ɗaya ko biyu, likitanci kuwa jami'o'i da dama zama ɗaya suke so. Sai dai ƙa'idojin nan suna motsi, kuma kowace jami'a na da nata ƙarin sharaɗi, don haka duk farkon shekara malamin ya shiga shafin JAMB ya gwada da abin da ke bango. Ka ajiye ragowar fenti.

Sai maganar suna, wadda ta fi kowace cin rai. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma abin da ke jikin NIN shi kwamfuta ta sani. Yaro Muhammad ne a rajistar makaranta, Mohammed a NIN, Muhammed a WAEC. Wani an sa sunan kakansa a gaba, wani an yi masa ranar haihuwa 1 ga Janairu saboda ba a tambayi uwarsa ba. Gyaran wannan bayan an gama makaranta kuɗi ne da jeka-ka-dawo na watanni. Tun a SS1 ka sa kowane yaro ya kawo takardar NIN ɗinsa, a gwada harafi da harafi da rajistar makaranta. Kafin jarrabawar kwalifayin ta SS2, wato ta tantancewa, a ce an gama daidaitawa.

Layin waya ma haka. Da shi ake tura NIN zuwa 55019 a samu lambar fara rajista, kuma layin nan zai bi yaron har ya samu gurbi. Kada ya ari na aboki ko na mai shagon caji. Na uwa ko uba ya fi, in har ba a yi rajistar wani ɗan da shi ba.

Ranar rajista kada yaro ya tafi cibiyar rajistar JAMB hannu rabbana. Kowa ya riƙe 'yar takarda da malamin ba da shawara ya sa wa hannu: kwas kaza, makaranta kaza, darussa huɗu kaza. Mai danna kwamfutar can yana da layin mutum ɗari a bayan yaron, in yaro ya yi inda-inda shi zai zaɓa masa. Haka aka sa wa wani ɗalibinmu mai neman injiniya Bayoloji a madadin Lissafi, bai lura ba sai a ɗakin jarrabawa. A ce wa kowa ya karanta abin da ke allon kwamfutar kafin ya danna yatsa.

Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya ta koma kwamfuta, yanzu kuma tambaya 180 ce cikin awa 2. Yaron ƙauye da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai ƙona minti 20 yana rawar hannu. Mu kwamfuta 4 gare mu da ɗan janareta, muka riƙa shigar da su rukuni-rukuni ranar Asabar har kowa ya saba. Kuma kada ka wanke hannunka ranar bikin yaye su. Akwai ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin JAMB, akwai shiga CAPS, sashen shafin JAMB da ake ba da gurbin karatu, a karɓi gurbi in an bayar. Yara da yawa an ba su, ba su sani ba har ya wuce.

Hanya ba ɗaya ba ce

In ka tambayi ajin SS3 inda za su, za ka ji Bayero, za ka ji ABU, sai ɗaiɗaiku su ce Wudil. Kujerun ba za su ishe su ba, kai ma ka sani. Aikinka ne su ji sunayen sauran wuraren tun da wuri, kuma su ji su da daraja. Foliteknik ta Kano da ta Kaduna: difloma shekara 2, shekara 1 ta sanin makamar aiki, babbar difloma shekara 2, a tafi bautar ƙasa kamar kowa. Kwalejin ilimi ta Sa'adatu Rimi da ta fasaha da ke Bichi, NCE shekara 3. Kwalejin aikin gona ta Audu Bako a Dambatta. Makarantun aikin jinya da ungozoma da na tsafta da na fasahar lafiya. A Zariya akwai kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, wadda ba matuƙa kaɗai take horarwa ba, har da masu gyaran jirgi da masu ba shi hannu, ga kuma cibiyar fasahar fata a Samaru. Mai son kaki ga NDA a Kaduna da makarantar 'yan sanda ta Wudil. A gaya musu kuma cewa mai NCE ko difloma mai kyau ko IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Wannan magana kaɗai ta sha kwantar da hankalin uban da ke ganin ɗansa ya faɗi.

Wasu kuma daga sakandare kasuwa za su ko garejin koyon aiki, kuma babu abin kunya a ciki. Manhajar da aka fara a 2011 ta shigo da darussan sana'a a babbar sakandare, amma a makarantu da yawa a allo aka riƙa koyar da kiwon kifi, yaro ya ci A1 bai taɓa ganin kududdufin kifi ba. Ka zaɓi sana'ar da ke da masu yin ta a garinku, ka shiga yarjejeniya da tela ko kafinta ko mai haɗa sola ɗaya, yara su riƙa zuwa wurinsa.

Ranar sana'o'i irin wadda aka saba, ni na daina ta. A kafa rumfa, a ɗauko lasifika, a gayyato manyan mutane su zo a makare su yi dogon jawabi da Turanci, a sha lemo a watse, kuɗin zango guda ya tafi. Na maye ta da baƙo ɗaya duk wata, minti 30, a cikin aji. Na fi son tsohon ɗalibinmu da bai wuce shekara 10 da fita ba, wanda yara suka san gidansu. Mun kawo ma'aikaciyar jinya, mun kawo mai gyaran waya daga kasuwar Farm Centre, da dillalin riɗi daga Dawanau, da malamin gona daga wajen Kadawa. Kowa tambaya huɗu zai amsa: wane darasi ya yi maka amfani, shekara nawa ka yi kana koyo, mene ne wahalar aikin, kuma yana riƙe gida? Dillalin riɗin nan da ya zana musu lissafin buhu da kuɗin mota da riba a allo, ya yi wa darasin Lissafi tallan da malamansa suka kasa yi a shekara 3.

Iyaye

Duk shirin da ka yi da yaro, in ba a yi da gida ba, zane ne a kan ruwa. Ka kira taron iyayen JSS3 daban, na SS3 daban, da Hausa, ranar da ba ta kasuwar garin ba ce. Ka shigo da kwamitin SBMC, wato na al'umma mai kula da makaranta, ka gayyaci liman da mai unguwa, domin maganar da ta fito daga bakinsu ta fi taka shiga.

Uban da ya dage sai ɗansa ya zama likita, kada ka yi musu da shi a gaban jama'a. Ka kira shi ofis, ka shimfiɗa masa makin yaron na shekara 3, ka ce, "Alhaji, ga abin da muka gani, kai me ka gani a gida?" Ka nuna masa sauran ayyukan asibiti: ɗakin gwaje-gwaje, hoton ƙashi, haɗa magani, gashin ƙashi. Yawanci asibitin yake so, sunan likita kawai ya sani.

A makarantar 'yan mata da na riƙe shekara 4, maganar aure ce ke zuwa a SS2. Ban taɓa cewa uba kada ya aurar da 'yarsa ba, ba hurumina ba ne, kuma ranar zai cire ta. Abin da nake roƙo shi ne a bari ta zana jarrabawa, a kuma sa ci gaba da karatu cikin maganar tun wajen neman auren. Nakan tambayi iyaye maza wa suke so ya karɓi haihuwar matansu a asibitin garin. Ɗakin yakan yi tsit. Iyaye mata kuwa malama ce ke zama da su daban, a nan ake jin ainihin abin da ke faruwa.

Littafin waɗanda suka fita

Ka sayi babban littafi mai kauri, irin na rajistar zuwa. Duk yaron da ya gama SS3 a rubuta sunansa, ajinsa, abin da ya ce yana so, da lambar waya. Wata 6 bayan fitowar sakamako malamin ba da shawara ya bi su da kira ɗaya bayan ɗaya, kuɗin katin daga ofishinka. A rubuta inda kowa ya faɗa: jami'a, foliteknik, kwalejin ilimi, koyon sana'a, kasuwa, aure, zaman gida, ko ba a same shi ba. Shekarar farko da muka yi, gidan "ba a same shi ba" ya fi kowanne cika, na ji kunyar kai littafin taron malamai, amma na kai. Daga cikinsa muka gano cewa Lissafi ne ke tare yawancin 'yan ajin kasuwanci, muka canza musu malami. Daga cikinsa kuma muke zaɓo baƙin wata-wata.

Lambar yaro ba ta shekara, ko wayar ta ɓata ko ya canza layi. A rubuta ta mahaifiya ko ta babban wa a gefe, da sunan unguwa da masallacin da gidan yake kusa da shi.